Ɗan Dutsen Dada

Kwanan baya na raka jikata awo a ƙaramin asibitin unguwarmu, wanda har yau mu tsofaffi muke ce wa Gidan Dutse. An sake masa fenti, an shimfiɗa tayil a baranda, an kewaye shi da katanga mai ƙofar ƙarfe. Ina zaune a benci ina jiran ta fito, sai na ji wata mai goyo tana tambayar ta kusa da ita ko mene ne waɗancan duwatsu masu loɓawa da aka jera a ƙasan bangon gabas. Waccan ta ce ai kwalliya ce irin ta Turawan da. Wata daga gefe ta ce a'a, ita ta ji an ce wurin ɗora fitila ne. Na buɗe baki zan tanka ke nan aka kira su, suka tashi suka shige. Tun ranar abin yake sukata a rai, don na duba dama da hagu na ga a cikin waɗanda suka san labarin duwatsun nan ni kaɗai na rage a unguwar.

Gomben da na buɗe ido na gani ba ta kai rabin rabin ta yanzu ba. In ka tsaya a ƙarshen unguwar Madaki ka dubi gabas, gonaki ne da rairayi da ƙaya har gindin tudu. Kafin ladan ya sauke kiran assalatu za ka fara jin gari yana motsi, kuma abin da ya fara motsa shi niƙa ne. Kowane gida akwai dutsen niƙa a bayan ɗaki, an kafa shi a ɗan karkace, da faifai a gabansa yana tarar gari. Mace za ta durƙusa ta ɗaure zane a ƙugu, ta kama ɗan dutsen da hannu biyu tana turawa tana janyowa, gurr gurr, sai ka ji na maƙwabta ya amsa ta bayan danga. In kunnenka ya saba, kana kwance za ka san wa ta tashi da wuri, wa ta makara, wa kuma take niƙa cikin fushi. Wata tana waƙa a kai, wata tana habaici, wata shiru sai nishi. In dutse ya yi santsi har ya daina cin hatsi, sai a koɗa shi, a bi fuskarsa ana ƙwanƙwasawa da wani ƙaramin dutse mai tauri har ta sake yin kaushi, kuma wannan ƙarar ma kowa ya san ta. Yanzu in na farka da asuba janareto nake ji da keke mai ƙafa uku. Ba na cewa wancan ya fi daɗi, don bayana bai manta ciwon niƙa ba, amma a lokacin ko ba ka fita ba ka san lafiyar maƙwabcinka.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi. Mutanen ƙasar Katsina ne, iyayenta suka zo da ita tana ƙarama lokacin da ake saran sabon gari, amma maƙwabtanmu Fulani suka liƙa mata suna Dada, har mu ma muka bi. Ni kuwa sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kirana da sunan yanka ba, sai dai Innata. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana. Ni kuma Allah ya yi ni da bakin tambaya. Me ya sa kaza ba ta fitsari, ina rana take kwana, wa ya fara haƙa rijiya. In na ishe ta sai ta ce, "Innata, ko da aka ce matambayi ba ya ɓata, ke kam matambayin ne zai ɓatar da mai ba shi amsa." In kuma tambayar ta taɓa inda ba ta so, amsarta ɗaya ce, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gonarta tana can gaba da ƙarshen gidaje, kuma hanyar sai ta bi ta gefen Gidan Dutse. Gini ne dogo mai ɗaki biyu da baranda, shi kaɗai a tsakiyar gonaki, da wata tsohuwar tsamiya a gefensa. Duk garin ginin ƙasa ne da danga, shi kuwa dutse ne tun daga gindi har wuya, baƙi da ja da ruwan toka, an tsara su da laka a tsakani. Kaurin bangon ya isa yaro ya kwanta a bakin taga. A saninmu babu mai shi. Kwanon rufin ya daɗe da tafiya, ƙyamaren ma haka, awaki suna fakewa a ciki in an yi ruwa, jemagu sun kama kusurwar da ragowar rufi ya saura. In rana ta take ka shiga, sanyi za ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, garinmu rairayi ne, ko dutsen jifan kare sai ka nema. To wa ya kwaso waɗannan, daga ina, kuma da me?

Na yi ta bin tsofaffi da wannan tambayar, kowa da tasa amsar. Wani mai sayar da igiya a Kasuwar Gombe ya ce mini bariki ne, inda Bature yake sauka in ya fito rangadi, har ya rantse ya taɓa ganin gadon tafi-da-gidanka a barandar. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ce ƙarya ne, nan ake tara shanu a ƙirga don jangali, babanta har ya mutu ba ya son bi ta wurin. Wani dattijo Batangale da ke gadi a unguwar Turawa ya ce shi bai san abin da aka gina shi don shi ba, amma tsarin dutsen hannun mutanensu ne, don haka suke gini a kan tudunsu tun kaka da kakanni. Manoma suka ce ɗakin ajiyar angurya ne, daga nan ake raba irin auduga kafin damina. Yara kuwa sun gama yanke hukunci, aljanu ne suka gina shi. Da na girma na gane duk sun yi gaskiya in ban da yaran, don ginin ya yi bariki, ya yi wurin jangali, ya yi sito, sannan aka watsar da shi. Sai dai duk wanda na ce wa, to su wa suka ɗauko duwatsun, sai ya ce, "Mutane mana," ya kama wani zancen.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ba ni ko amsar ƙarya ba, ita ce Dada. Amma ina lura da ita. Duk sanda muka dawo daga gona, ko kayan kanta ba su da nauyi, sai ta ce a huta, kuma kullum a wuri ɗaya, kusurwar gabas wajen tsamiya. Za ta sauke kaya, ta zauna ta jingina da bango, ta dafa wani dutse na ƙasa da tafin hannu kamar mai taɓa goshin mara lafiya. In za mu tashi sai in ji ta ce a hankali, "Sannu da aiki." Na waiga ban ga kowa ba. Na tambaye ta wa take gaisarwa, ta ce ƙadangaru. Ga kuma wani abin. Muna da dutsen niƙanmu a gida, uwa da ɗanta, lafiya lau. Amma a cikin adudun kayanta, ƙarƙashin zannuwan salla, akwai wani ɗan dutsen na daban a naɗe cikin tsumma, sumul, gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Wata rana na ɗauko shi zan fasa ƙwallon goriba. Ba ta doke ni ba, ba ta ma ɗaga murya ba, ta dai karɓe shi da hannu biyu, ta mayar da shi cikin tsumman. Na ce, Dada, ina uwarsa? Ta ce uwarsa tana wurin aiki. Na yi ta juya wannan magana a raina har na yi aure ban gano kanta ba.

A tsakanin nan duniya ta juya da mu da sauri. Aka ba da mulkin kai, aka raba mana tutoci a makaranta muka yi ta kaɗawa ba mu san me muke murna da shi ba, sai dai an ce Bature zai tafi. Jirgin ƙasa ya iso, kukansa ya shiga cikin sautin safiyarmu. Sai injin niƙa ya zo bakin kasuwa, daga nan ya shigo unguwa, mata suka ga ashe abin da ke cin asubarsu ana iya gama shi kafin a gama gaisawa. Dada ta yi ta cewa garin inji warin ƙarfe yake yi, amma da bayanta ya fara ciwo ita ma ta riƙa aika ni da ƙwarya. Duwatsun niƙa suka koma matakalar ƙofa da wurin shan ruwan kaji. Aka yi yaƙi aka gama, sannan kuɗin mai suka zubo. Wanda jiya yake kan keke yau ga shi a babur, gobe a mota. Kowa yana rushe ɗakin ƙasa yana ɗora bulo, siminti har ya yi wuyar samu. Gidaje suka ci gonar Dada, suka zagaye Gidan Dutse, aka wayi gari ginin da muke tafiya mu same shi a daji ya dawo tsakiyar unguwa.

A cikin waɗanda wannan zamani ya ɗaga har da Kawu, ɗan farin Dada. Da auduga yake saye, sai ya koma kwangila, ya yi gida a kusa da unguwar Turawa, ya kai uwarsa Makka. Mutum ne mai kirki da saurin hannu, in ya ce yau to ba ya son jin gobe. Amma shi ɗan fari ne, kuma Dada irin mutanen da ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya zo gaisuwa zai durƙusa a bakin ƙofa, ita tana kallon bango, ta ce mini, "Innata, ki ce wa mai motar nan an gode." Shi kuma ya amsa mini kamar ita ba ta wurin. Yaran yanzu in na ba su wannan labarin dariya suke yi, su da uwa ke rungume ɗan fari a gaban jama'a. Mu a wurinmu wannan kunyar ita ce soyayyar, kuma nauyinta ya fi yadda suke zato.

Wata damina kwari ya ci gefen tsamiyar nan, kusurwar gabas ta Gidan Dutse ta zube. Mutanen unguwa suka kai kuka, aka yarda a gyara ginin a mai da shi ɗakin shan magani da haihuwa, kuma Kawu aka ba aikin. Lokacin ina da tsohon cikin fari, na dawo gida wajen Dada goyon ciki, ita kuma yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta lalluba. Kawu ya zo da murnarsa yana ba da labari a bakin ƙofa. Ya ce bangon da ke tsaye za a shafe shi da siminti, wanda ya zube kuwa ba za a ɓata lokaci a kansa ba, bulo za a ɗora. Duwatsun da suka zubo ya sa leburori su farfasa su da guduma a yi tsakuwar daɓen kankare, an huta da sayo tsakuwa a tifa. Ya ce shi zai wuce Kano neman kwano, kafin ya dawo an gama fasawa. Dada ba ta ce a gaya wa mai mota an gode ba. Ya ɗan jira, ya dube ni, na dube shi, ya tashi ya tafi.

Ranar ba ta taɓa tuwo ba. Bayan la'asar ta ce in ɗauko mata adudu. Ta kwance tsumman nan, ta ɗora ɗan dutsen a cinyarta, sannan ta ba ni amsar tambayar da na yi mata tun ban fara ɗaura ɗankwali ba. Ta ce tana yarinya aka yi shela Bature zai gina bariki, kowane gida sai ya kawo dutse daga tudu, babba, wanda zai shiga gini. Aikin tilas ne, gidan da bai kawo ba maigidan za a kama. Maza suka yi ta zarya da gammo a ka. Mahaifinta kuwa kurkunu ya kwantar da shi, ƙafa ta kumbura ko bayan gida sai an riƙe shi. Su baƙi ne, ba dangi, kowa kuma yana fama da nasa. Dogari ya zo ya koma, ya sake zuwa ya ce gobe ko dutse ko maigida. Da gari ya waye mahaifiyarta ta tone dutsen niƙanta, wanda uwarta ta ba ta, wanda suka ɗauro wa jaki tun daga ƙasar Katsina. Ta ɗora shi a ka, Dada tana biye da ita da ɗan a hannu, don a hankalinta na yarinya ba a raba ɗa da uwa. Mai karɓa ya karɓi babban, ya dubi ƙaramin ya ce wannan ba ya cikin lissafi, ya yar. Dada ta tsince shi. Tana tsaye magini ya kife fuskar dutsen ta ciki, ya danna shi a kusurwa, ya ɗora wani a kai.

Ta ce daga ranar mahaifiyarta ta koma aron dutse, tana bin gidaje da ƙwarya tana jiran masu gida su gama kafin ta durƙusa. Matar da a garinsu ake zuwa aro wurinta. Kullum tana cewa in kaka ta yi za ta sayi wani, kafin kakar ta zo ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Inda aka binne ta ma yanzu gidaje ne, babu wanda zai nuna maka. Dada ta shafa ɗan dutsen ta ce, "Innata, duk duniya wurin nan kaɗai na sani da hannunta ya taɓa. In aka fasa shi, shi ke nan." Na ce bari in aika a tsayar da Kawu. Ta ce kul, ita ba za ta tare wa ɗa hanyar abincinsa saboda dutse ba, kuma ba za ta iya buɗe baki ta roƙe shi ba. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don ga abu a hannun ɗanta amma kunya ta ɗaure mata baki. Na ce to ni ba ɗan farinki ba ce, ni uwarki ce, gobe ki shirya.

Da hantsi muka tafi, ni da cikina a gaba, ita da sandarta tana dafe da kafaɗata. Tun daga nesa muke jin guduma, kuma duk bugu ɗaya sai in ji yatsunta sun matse ni. Babban maginin wani Inyamuri ne da ake ce wa Baban Ngozi. Tun kafin yaƙi yake gini a garin, ya tafi lokacin tashin hankali, aka gama ya dawo da iyalinsa. Na ja shi gefe na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon Dada, sannan ya ce shi ma ya san yadda mutum yake barin abu a baya yana tunaninsa. Ya ɗaga hannu, guduma ta tsaya. Ya sa aka shimfiɗa mata buhun siminti a inuwar tsamiya, leburori suka shiga juya duwatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba wani ya ce ga shi. Aka mirgino wani mai loɓawa a ciki, laka ta cike shi, aka wanke. Dada ta lalluba shi, ta ɗora ɗan a kai, ta tura, ta janyo, ta girgiza kai. Ta ce ba shi ba ne, wannan na mai dogon hannu ne.

In ba shi ba ne, to na wa? Kafin in gama mamaki aka juyo wani, shi ma dutsen niƙa. Aka sake juyo wani. Ashe ba gidansu kaɗai kurkunu da rashin gata suka shiga ba a shekarar. Kowace mace ta kai nata a ɓoye tana jin kunya, tana zaton ita kaɗai ce, magini kuma ya kife su duka, bango ya rufa musu asiri. Dada da kanta ba ta sani ba, ta yi ta salati tana shafa su kamar mai gaisawa da mutanen da ta daɗe ba ta gani ba. Labari ya shiga unguwa. Kafin azahar tsofaffin mata sun cika gindin tsamiya, wata ta ce lallai ta ji kakarta tana faɗin haka, wata ta ce su a gidansu an ce sace shi aka yi. Har Bafulatanar nan mai nono, da ta tsufa ta zauna a gari, ta zo tana leƙe tana cewa ita dama ta san ginin nan bai tashi da alheri ba.

Namu yana can ƙasan tulin, inda aka fara fasawa da safe. Guduma ta riga ta guntule masa kunne ɗaya. Ban san yadda aka yi ba, tun kafin a wanke shi Dada ta gane shi. Ta sa hannu a ciki ta bi loɓawar, ta ce in duba, ai ta karkata hagu, don mahaifiyarta bahaguwa ce, da hagu take dannawa. Ta ɗora ɗan, ya zauna daram, cinyayyen gefensa ya faɗa inda ya saba. Wata ta kwance bakin zanenta ta zuba ɗan gero. Dada, wadda sai an riƙe ta take tashi, ta gyara zama ta durƙusa, ta tura, ta janyo. Sautin da na yi shekaru ban ji ba ya tashi a tsakanin buhunan siminti, gurr gurr. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

A haka motar Kawu ta tsaya, ashe kwanon a Bauchi ya samu ya juyo. Ya fito fuska a murtuke, ya ga aiki a tsaye, leburori a zaune, mata sun cika wuri. Ya fara tambayar Baban Ngozi wa ya ba shi izini, sai ya hango uwarsa a durƙushe. Ya ƙaraso ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya dube ni yana jiran in isar da saƙo. Ni ma na buɗe baki zan fara. Sai Dada ta miƙa hannu tana lallube har ta kamo nasa, ta jawo shi ta sa a cikin loɓawar dutsen, gari yana manne masa a yatsu. Ta ce, "Kakarka ce. Ka gaishe ta." A iya sanina wannan ne karon farko da ta yi masa magana baki da baki, kuma ban ƙara ji ba har ta rasu. Kawu ya cire hula ya riƙe, ya kasa ɗago kai.

Sai ya ce a sa dutsen a mota a kai gida. Dada ta juya ta koma kallon gefe, ta ce mini in gaya wa mai mota a'a. In an kai shi gida, ranar da ta rufe ido kaji ne za su sha ruwa a ciki. Ta ce dutsen ya daɗe yana ɗauke da ginin nan ba da son ransa ba, yanzu da za a riƙa haihuwa a ciki a bar shi ya ɗauka da yardar masu shi, amma a juyo da fuskarsa waje ya sha iska, shi da 'yan uwansa. Haka aka fasa ɗora bulo. Kawu ya sayi tsakuwa, Baban Ngozi ya sake tsara kusurwar da dutsenta, ya jera na niƙan a sahun ƙasa fuska a waje. Da aka zo shafe sai Kawu ya ce a bar bangon gabas haka nan. Aka yi rufi, aka sa tagogi masu gilashi, aka kori jemagu, warin fenti da na magani ya maye na awaki. Aikin ya ja fiye da yadda Kawu ya so, amma ban taɓa jin ya yi mita ba.

Cikin nan na fari a gida na haife shi, don ba a gama aiki ba. Ta biyun ce na haifa a Gidan Dutse, a ɗakin da ke bayan wannan bangon. Dada ta ƙi shiga, ta ƙi kuma zama a gida. Ta sa aka kai ta kusurwar gabas ta zauna a ƙasa, hannunta a cikin loɓawar, har aka fito aka ce mata mace ce. Ba ta ga wata daminar ba. Adudun nata ni aka ba, da abin da ke cikinsa.

Ranar da aka sake rubuta wa jikata awo, ban jira ta ce in raka ta ba. Na sa ɗan dutsen a jaka muka tafi. Tsamiyar an sare ta tuni, yanzu masu babur ne suke ajiye abin hawansu a wurin. Na ratsa tsakaninsu na tsuguna da ƙyar, gwiwa tana ƙara, na nemo mai guntulallen kunnen nan. An shafa masa fenti har ciki, amma karkatar tana nan. Na dafa shi na ce, "Sannu da aiki." Sai na ji murya a bayana, wata 'yar yarinya da ta biyo uwarta riga-kafi, ta ƙura mini ido. Ta ce, "Hajiya, wa kike gaisarwa?" Har ƙadangaru sun zo mini baki. Na haɗiye, na buɗe jaka na ciro ɗan dutsen na sa mata a hannu, na ce ta je ta kira uwarta su zo su zauna, labarin yana da ɗan tsawo.